Ruwan Dattin Ƙaramin Gari: Ina Yake Zuwa, Wa Zai Biya Kuɗin Tace Shi?

Duk ruwan da ya shiga gida sai ya fita. Na wanka, na wanki, na wanke-wanke, da wanda aka kora bayan gida da shi, babu wanda ke ɓacewa don kawai ya bar idon mai gida. Injiniyoyi kan yi lissafi a kan cewa kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da aka kai wa gari zai dawo da datti. A ɗauki gari mai mutum 2,000, kowa yana amfani da lita 100 a rana. Lita 160,000 ke nan na ruwan ƙazanta kullum safiya, rani da damina, kuma dole ya sami wurin zuwa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ci gaba ne ke haifar da wannan matsala. Muddin ana ɗebo ruwa da bokiti daga nesa, da ƙyar mutum ya kai lita 20 a rana, ƙasa kuwa tana iya shanye wannan. Ranar da famfo ya shigo tsakar gida, amfanin yakan ninka sau huɗu ko biyar. Ramin da ya yi shekaru yana aiki sai ya cika a 'yan watanni, ruwa ya fara kwanciya a bayan gidaje. An kashe kuɗi an kawo ruwa, an yi murna, amma ba a tanadi hanyar fitarsa ba.

Rahoton ruwa na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2017 ya ƙiyasta cewa sama da kashi 80 cikin 100 na ruwan dattin duniya yana komawa koguna, tafkuna da teku ba tare da an tace shi yadda ya kamata ba. Ƙasashe masu arziki suna tace kusan kashi 70, matalauta kuwa kashi 8 kacal. Amma a cikin kowace ƙasa, mai arziki ko matalauciya, akwai wani rata da waɗannan alƙaluma ke ɓoyewa: ratar da ke tsakanin babban birni da ƙaramin gari. Wannan ratar nake so mu duba.

Me ke cikin ruwan?

Kusan kashi 99.9 na ruwan dattin gida ruwa ne zalla. Ɗan ragowar nan shi ne masifar. Na farko ƙwayoyin cuta: kwalara, taifot, atuni, ciwon hanta, shan-inna, da ƙwan tsutsar ciki, wanda ke iya shekaru a cikin ƙasa yana jiran mai tsautsayi. A 1854, a unguwar Soho ta Landan, likita John Snow ya bi diddigin kwalarar da ta kashe sama da mutum 600 har zuwa famfon rijiya guda a titin Broad Street. Da aka tona daga baya, sai aka tarar da tsohon ramin masai yana yoyo, tazararsa da rijiyar ba ta kai mita ɗaya ba. Landan ta rabu da wannan yanayi tun da daɗewa, bayan ɗoyin kogin Thames na 1858 ya tilasta wa majalisa ba injiniya Joseph Bazalgette kuɗin gina manyan magudanai. Ƙananan garuruwa masu ɗumbin yawa a duniya har yanzu a cikinsa suke: rijiya nan, rami nan, ƙasa ɗaya ta haɗa su.

Na biyu ya fi wuyar gani. Dattin da ke ruɓewa abinci ne ga bakteriya, su kuma suna buƙatar iskar oksijin don su cinye shi. Lita ɗaya ta ruwan kogi mai lafiya tana riƙe da miligiram 8 ko 9 na oksijin. Lita ɗaya ta ɗanyen ruwan datti kuwa tana neman miligiram 200 zuwa 300 kafin dattinta ya gama ruɓewa. Ke nan lita guda na iya shaƙe iskar lita 30 na ruwa mai kyau. Da damina, kogi ya cika, abin yakan saje. Da rani, rafi ya ƙanƙance amma garin bai rage zubarwa ba, sai ruwa ya yi baƙi, ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai, kifi ya taso sama yana haki kafin ya mutu. Babban birni galibi a bakin babban kogi ko teku yake. Ƙaramin gari sau da yawa ɗan rafi gare shi, shi ya sa ɗan datti kaɗan ke masa babbar illa.

Na uku sinadaran taki ne, naitirojin da fosforas. A gona alheri ne, a tafki kuwa suna sa gansakuka ta haukace ta rufe ruwa. Naitirojin ɗin da ya sulale cikin rijiya kuma yana da haɗari ga jarirai.

Tacewar kanta ba sihiri ba ce. Ana tare tsumma da leda da raga, a bar yashi ya kwanta, a tsayar da ruwan a tanki har kusan rabin daskararren dattin ya nutse, sannan a miƙa ragowar ga bakteriya su cinye, a ƙarshe a kashe ƙwayoyin cuta da kulorin ko hasken ultirabayolet ko rana. Abin da kogi zai yi a tafiyar kilomita masu yawa, shi ake tattarawa a yi a fili guda. Bambancin hanyoyin yana wuri ɗaya: da me za ka biya? Ko dai ka biya da wutar lantarki da ƙwarewa ka gama a sa'o'i, ko ka biya da fili da haƙuri ka gama a makonni.

Dalilin da ƙarami ya fi tsada

A nan zan ɗan daɗe, domin idan ba a fahimci wannan ba, sauran maganar kuɗin ba za ta zauna ba.

Mutane kan zaci matatar ce ke cin kuɗi. A gaskiya bututun da ke tattaro ruwan daga gidaje ne yakan lashe kaso mafi girma. Haƙa rami da shimfiɗa kilomita guda na bututu kusan kuɗi ɗaya ne ko a birni ko a ƙauye. A unguwar birni mai cunkoso, wannan kilomita na iya ɗaukar gida 500. A garin da gidaje ke warwatse, ƙila gida 25 ne. Ke nan kowane gida a can nauyin mita 2 ne a kansa, a nan kuwa mita 40. Kafin ma a zo maganar matata, ɗan ƙaramin gari ya riga ya ɗauki kaya ninki ashirin.

Sai kuɗaɗen da ba sa raguwa don gari ya yi ƙanƙanta. Ma'aikacin da ya san aikin albashinsa ɗaya ne ko mutum 1,000 yake wa hidima ko 50,000. Gwajin samfurin ruwa a ɗakin bincike farashinsa ɗaya. Dole a ajiye famfo na biyu don ranar da na farko ya tsaya. Takardun neman lasisi, rahoton injiniya, binciken akanta, duk ba su san girman gari ba. A birni ana raba waɗannan a kan gidaje dubbai har ba a jin su. A ƙaramin gari suna sauka a kan 'yan ɗaruruwa, waɗanda galibi samunsu bai kai na 'yan birni ba. Idan kuma garin na raguwa ne, matasa suna tafiya neman aiki, to bututun bai gajarce ba, masu biya ne suka ragu, kuma tsofaffi ne suka saura da bashin.

A leƙa tashar famfo ta irin wannan gari a ga yadda abin yake a aikace. Rijiya ce ta kankare mai murfin ƙarfe, ruwan datti na taruwa a ciki, idan ya kai wani tsayi wata 'yar ƙwallo mai iyo ta tashi ta kunna famfo. Maiƙon girki ya daskare a jikin bango kamar farin sabulu, ya riƙe ƙwallon. Tsumma da auduga da zaren mofa sun nannaɗe fankar famfon har injin yana gurnani yana zafi. Mutum ɗaya ne ke kula da wurin, kuma shi ne dai ke kula da ruwan sha da gyaran titi. Zai jawo famfon da sarƙa, ya sa safar hannu ya yanke tsumman da wuƙa, ya mayar. Idan ya yi haka duk mako, famfon zai yi shekara goma ko fiye. Idan ya yi jinya wata biyu babu madadinsa, injin ya ƙone, ruwan ya koma baya ya ɓullo ta bayin gidan da ya fi kowane gangare. Rayuwar tsarin gaba ɗaya a hannun mutum guda take, kuma albashinsa ne abu na farko da ake taɓawa in kuɗi ya yi ƙaranci.

Yanzu a ɗora wa wannan gari irin matatar birni. Hanyar da ta fi yaɗuwa a manyan birane ita ce wadda Edward Ardern da William Lockett suka bayyana a 1914 a Mancesta: a riƙa hura iska cikin tanki dare da rana, a kiwata bakteriya da yawa, a riƙa dawo da su suna cin sabon datti. Tana aiki ƙwarai, ba ta cin fili. Amma hura iskar nan kaɗai kan cinye kusan rabin wutar da matatar ke sha, ko fiye. Kuma bakteriyar halittu ne masu rai. In wuta ta ɗauke na dogon lokaci suka rasa iska, sai su mutu, a ɗauki makonni kafin a sake tara su. Shi ya sa ake samun matatu masu kyan gini a ƙasashe da dama, fenti bai ko dushe ba, amma ruwa yana shiga baƙi yana fita baƙi. Ba wanda ya saci komai, kuɗin wutar ne kawai ya fi ƙarfin garin. Ni a ganina wannan ya fi rashin matata ciwo, domin an ci bashi, an sa wa mutane rai, kuma a takarda an rubuta cewa garin ya samu.

Hanyoyin da suka dace da ƙarfin gari

Abin da ƙaramin gari ke da shi wanda birni ba shi da shi shi ne fili. Tafkunan tacewa a kan wannan suka dogara. Ruwan yakan fara shiga tafki mai zurfin mita 3 zuwa 5, inda dattin ke nutsewa ya ruɓe ba iska. Daga nan ya wuce mai faɗi, zurfin mita ɗaya da rabi ko biyu, inda gansakuka ke samar da oksijin da hasken rana, bakteriya su yi amfani da shi. Na ƙarshe marar zurfi ne, rana ta ratsa shi ta kashe ƙwayoyin cuta, ƙwan tsutsa kuma ya riga ya kwanta a ƙasa. Wanda ya saba da wurin da ido yake gane lafiyarsa: na farko toka-toka ne da ɓawo a kai, na biyu kore shar, na uku ya fara haske har tsuntsaye na sauka. In na biyun ya koma ruwan toka ko ja-ja, an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Babu inji, babu kuɗin wuta, kuma zafin rana ƙara masa ƙarfi yake. Dubban ƙananan garuruwa a Amurka da Faransa da shi suke aiki. Aibinsa: yana cin fili, yana iya wari in an yi sakaci, dole a yanke ciyawar gefe saboda sauro, a katange saboda yara, a shimfiɗa masa ƙasa mai riƙe ruwa don kada ya tsiyaya cikin rijiyoyi.

Akwai kuma fadamar da ake ginawa da hannu. Wata masaniyar tsirrai a Jamus, Käthe Seidel, ce ta fara gwada ta a shekarun 1950. Kwami ne a cika da tsakuwa da yashi, a shuka ciyawar bakin ruwa, a riƙa zuba ruwan dattin yana tsiyaya ta cikin saiwoyi. Faransawa sun inganta ta har suna zuba ɗanyen ruwan kai tsaye a mataki biyu, fili kusan murabba'in mita 2 ga kowane mutum, dattin da ya taru a sama ya bushe ya zama taki, sai bayan shekara 10 zuwa 15 a kwashe. Dubban ƙauyukansu da ita suke tacewa.

Inda gidaje suka yi nisa da juna sosai, bututu ma ba shi da ma'ana. Kowane gida ya yi tankinsa na ƙarƙashin ƙasa da sokawe. Wani Bafaranshe, Jean-Louis Mouras, ya yi rajistar wannan dabara a 1881, kuma har yau kusan gida ɗaya cikin biyar a Amurka da ita yake aiki. Hukumar kare muhallin ƙasar ta shaida wa majalisa a 1997 cewa irin wannan tsari, in ana kula da shi, mafita ce ta dindindin ga wuraren da ba su da cunkoso. Kalmar «in ana kula da shi» ita ce gaba ɗayan zancen. Tanki yana tara laka a ƙasansa. Hanyar aunawa mai sauƙi ce: a ɗaura farin tsumma a doguwar sanda, a zura har ƙasa, a jira 'yan mintuna a zaro, baƙin da ya kama tsumman shi ne tsayin lakar. In ta kai kusan kashi ɗaya cikin uku na zurfin, lokacin zuƙewa ya yi, galibi duk shekara 3 zuwa 5. Wanda bai zuƙe ba, lakar za ta wuce ta toshe sokawe, gyaran kuma ya ninka kuɗin zuƙewar sau da yawa. A Ailan, inda ake da irin waɗannan tankuna kusan rabin miliyan, kotun Tarayyar Turai ta kama ƙasar da laifin rashin sa ido a 2009. Da aka fara duba su daga 2013, kusan rabin waɗanda ake dubawa kowace shekara ba sa cin jarrabawa. Japan kuwa ta kafa doka a 1983 kan ƙananan matatun gida da suke kira jokaso: dole ƙwararre ya riƙa duba su, a zuƙe su, a yi musu binciken hukuma duk shekara. Na'urar tasu tana da kyau, amma dokar da ma'aikatan da ke bayanta su ne sirrin.

Sannan tambayar da aka fi mantawa: motar da ta zuƙe masai, ina za ta juye? In babu wurin karɓa kusa, direba zai nemi kwari ko bakin rafi da dare, domin kowace kilomita mai take ci. An kwashe dattin gida ɗari an tara shi wuri guda, ya fi da haɗari. Garin Devanahalli da ke kusa da Bengaluru a Indiya ya buɗe ƙaramar matatar irin wannan laka a 2015, mai aiki da gangara da rana da tsirrai, garuruwa da yawa a ƙasar suka kwaikwaya. Ga gari marar bututu, wannan ce matatar da ya kamata a fara ginawa.

In kuwa gidaje sun matsu har bututu ya zama dole, shi ma ana iya rage masa tsada. A Burazil, farkon shekarun 1980, injiniya José Carlos Melo ya fito da tsarin ƙananan bututu marasa zurfi da ke bi ta bayan gidaje, maƙwabta su haɗu a layi ɗaya, kuɗin ya sauka kusan rabi. A unguwar Orangi ta birnin Karachi a Pakistan, daga 1980, Akhtar Hameed Khan ya nuna cewa talakawa za su iya haɗa kuɗi su shimfiɗa bututun lungunsu da kansu. Sai dai Orangi ta koyar da wani darasin: babban bututu da matata sun fi ƙarfin unguwa, kuma da hukuma ta yi jinkirin yin nata ɓangaren, ruwan ya daɗe yana zuba cikin rafuka ɗanye.

To, kuɗin fa?

Duk yadda aka juya, aljihu uku ne: abin da masu amfani ke biya, harajin gwamnati, da tallafin da ya zo daga waje, ko daga wani yanki ko wata ƙasa. Bashi ba na huɗu ba ne. Bashi jawo kuɗin gobe ne zuwa yau, kuma daga ɗayan ukun nan za a biya shi. Buƙatun su ma uku ne: kuɗin gini, kuɗin gudanarwa na kullum, da kuɗin sauya abin da ya tsufa. Bututu na iya shekara 50 ko fiye, famfo da injin hura iska kuwa da wuya su wuce 15. Kusan duk masu ba da tallafi na farkon kawai suke biya. Ana iya fahimtarsu: gini ana ganinsa, ana ɗaukar hotonsa, yana da ranar gamawa. Amma a tsawon shekara 20 ko 30, kuɗin gudanar da matata mai inji na iya kamo kuɗin gininta har ya wuce. Kyautar gini ga garin da ba zai iya riƙe shi ba, an ba shi doki ne ba a tambaye shi ko yana da ciyawa ba.

Tarihin Amurka ya nuna yadda ƙasa mai kuɗi ma ta yi ta lalube. Dokar tsaftar ruwa ta 1972 ta sa gwamnatin tarayya biyan kashi 75 na kuɗin gina matatu. A 1981 aka rage zuwa 55. A 1987 aka sauya salo gaba ɗaya: tarayya ta zuba jari a asusun kowace jiha, jiha ta ƙara kashi 20, a riƙa ba garuruwa rance mai sauƙin ruwa, abin da suka biya a ba wasu. Dabara ce mai kyau, kuɗin yana juyawa ba ya ƙarewa. Amma rance sai mai iya biya, kuma sai mai iya cika takardu. Birni yana da ofis guda na masu rubuta neman kuɗi, ƙaramin gari kuwa magatakarda ɗaya gare shi. Sai ya zama waɗanda suka fi buƙata su ne a ƙarshen layi. Shi ya sa dokar ababen more rayuwa ta 2021, da ta ƙara wa wannan asusu dala biliyan 11.7, ta ce kashi 49 a bayar da shi kyauta ko bashin da za a yafe. Duk da haka, ƙididdigar hukumar muhallin ƙasar ta 2022 ta ce ana buƙatar dala biliyan 630 cikin shekara 20.

Gundumar Lowndes a jihar Alabama ta nuna abin da ke faruwa in aka bar wa kowane gida nauyinsa. Ƙasar wurin yumɓu ce, ba ta shan ruwa, sokawe na yau da kullum ba ya aiki, wanda zai yi aiki kuma ya fi ƙarfin iyalai da yawa. Sai suka miƙa bututu daga bayi zuwa bayan gida kawai. Doka kuma ta ɗauke su masu laifi, har ana cin wasu tara. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya sami alamar tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa a jikin sama da kashi ɗaya cikin uku na 'yan mutanen da aka gwada. 'Yar yankin, Catherine Coleman Flowers, ta yi shekaru tana kai kukansu. Hukunta mutum kan abin da ba shi da halin saya bai taɓa tsaftace ko lita ɗaya ba.

A nan nake ganin hujjar sa kuɗin jama'a ta fi ƙarfi. Wanda ya tace ruwan dattinsa, ba shi ne ya fi cin moriya ba. Na ƙasa da shi a bakin kogi ne ke samun ruwa mai kyau, da masunci, da manomin rani, da birnin da zai rage kuɗin tace ruwan sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2012 cewa duk dala 1 da aka sa a tsaftar bayan gida tana dawo da dala 5.5. Amma wannan riba ba ta shiga asusun matata. Tana bayyana ne a gadon asibitin da ba a kwanta ba, da ranar aikin da ba a rasa ba, da yaron da bai tsumbure ba. Tunda amfanin na kowa ne, ba adalci ba ne a ce 'yan ɗaruruwan gidaje su ɗauki kuɗin su kaɗai. Faransa ta gane haka tun 1964, ta raba ƙasar zuwa yankuna shida bisa magudanar koguna, kowane da hukumarsa. Duk mai amfani da ruwa ko mai gurɓata shi yana biyan wani abu, hukumar kuma ta tallafa wa ayyuka a ko'ina cikin yankin, har da ƙauyuka. Sikotilan ta haɗe hukumomin ruwanta wuri guda a 2002, mazaunin tsibiri mai nisa da na babban birni suna biya a ma'auni ɗaya.

Haɗa kai yana da matakai, ba sai an miƙa komai ba. Garuruwa biyar na iya ɗaukar ƙwararren ma'aikaci ɗaya yana zagaya su, su sayi motar zuƙa guda, su ajiye kayan gyara wuri ɗaya. Fargabar da ƙananan garuruwa ke yi cewa muryarsu za ta ɓace a cikin babbar hukuma gaskiya ce, kuma a rubuce ya kamata a magance ta tun farko: kujera a majalisar gudanarwa, da iyakar sa'o'in da za a jira kafin a zo gyara.

Wannan ba ya nufin masu amfani su daina biya. Tsarin da ba a biyan komai a kansa ba shi da mai tambayar lafiyarsa. Abin da ya dace shi ne kuɗin wata ya ɗauki gudanarwa da ɗan ajiya don sauya inji, kuɗin jama'a ya ɗauki gini da manyan gyare-gyare. Sai dai a yi hattara da ma'aunin «matsakaicin samu». An daɗe a Amurka ana ɗaukar kashi 2 cikin 100 na samun matsakaicin gida a matsayin iyakar abin da za a iya ɗauka. Abin da ya zama kashi 2 ga na tsakiya yana iya zama kashi 6 ko 8 ga gwauruwar da ke can ƙasa. Ita ya kamata a yi wa rangwame kai tsaye, maimakon a danne farashi ga kowa har matata ta rasa kuɗin gyara. Ƙarin kuɗi kaɗan-kaɗan duk shekara kuma ya fi sauƙin haɗiya a kan a yi shekara goma ba a taɓa ba, sannan a ninka rana ɗaya saboda inji ya mutu.

Ana yawan cewa matata za ta iya ciyar da kanta da sayar da taki, iskar gas da ruwan ban-ruwa. Akwai gaskiya a ciki. Tafkunan da ke cikin dausayin gabashin Kolkata a Indiya, mai faɗin hekta 12,500, sun daɗe suna mai da ruwan dattin birnin abincin kifi. Amma a ƙaramin gari abin da ake samu ɗan ragi ne kawai, kada a gina lissafi a kansa.

Ƙa'idoji kuma suna ƙara tsanani. Dokar Tarayyar Turai ta 1991 ta wajabta tattarawa da tacewa ga garuruwan da dattinsu ya kai na mutum 2,000. Gyaran 2024 ya sauko da iyakar zuwa 1,000, da wa'adin 2035, ya kuma ɗora wa kamfanonin magunguna da na kayan shafa aƙalla kashi 80 na kuɗin cire ragowar sinadaransu daga ruwa. Wannan na biyun ya burge ni, don ya mai da kuɗin kan wanda ya jawo shi. Na farkon kuwa zai yi amfani ne kawai in an haɗa shi da kuɗi da ma'aikata, in ba haka ba ƙananan garuruwa za su tara takardun gargaɗi ne.

Akwai wani gurbi da kusan kowane kasafi ke tsallakewa: 'yan mitocin da ke tsakanin bayin gida da bututun titi. Tallafi yakan tsaya a bakin ƙofa, a ce sauran na mai gida ne. Shi kuma sai ya fasa daɓe, ya sayi bututu, ya biya mai haƙa, ya cike tsohon rami, ya biya kuɗin haɗawa, duk a lokaci guda, alhali ramin nasa a ganinsa yana aiki. Sai ya ce sai baɗi. In rabin gari suka ce haka, ruwan da ke bin bututun ba zai isa ya tura datti ba, ya riƙa toshewa. Matatar ta sami rabin abin da aka gina ta dominsa. Kuɗin shiga ya zama rabi, bashi kuwa cikakke. Rijiyoyin kuma suna nan kusa da ramukan da ba a rufe ba. Garin da ke shirin aiki irin wannan ya sa kuɗin haɗa kowane gida cikin kasafin tun farko, ɗan kwangila ya haɗa su yayin da ramin titi ke buɗe, mai hali ya biya a rarrabe cikin kuɗin wata na 'yan shekaru, marar hali a ɗauke masa.